Gishiri, Ruwa da Iskar Walda a Kewayen Tsohon Tauraro

Tambayar ta zo daga wani ɗalibi mai karatun kimiyyar sinadarai, mazaunin Idi-Araba a nan Legas:

"Malam, barka da aiki. Na ji an ce masana sun gano gishiri da ruwa, har da iskar da masu walda ke aiki da ita, a kewayen taurarin da suka tsufa. Abin ya ɗaure mini kai. A aji an koya mana cewa zafi mai tsanani wargaza molekul yake yi, an kuma ce sararin samaniya fanko ne. To a ina waɗannan abubuwa suka sami wurin haɗuwa? Kuma yaya aka san suna can alhali ba wanda ya je ya ɗebo?"

Barka kadai, ƙanena. Abubuwa biyun da aka koya maka duk gaskiya ne, sai dai kowanne a wurinsa. A cikin tauraro zafi ya kai inda babu molekul ɗin da zai tsaya. Can nesa tsakanin taurari kuwa, fili ya yi yawa har atam kan daɗe bai gamu da ɗan'uwansa ba. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai rata, kuma tauraron da ya tsufa yana cika ratar da iskar da yake fitarwa daga jikinsa. Iskar tana tasowa da zafi da cunkoso, tana ƙarewa da sanyi da yalwar fili. A kan hanya tilas ta ratsa inda zafin ya sauka daidai, cunkoson kuma bai gama watsewa ba. A wannan tsakanin ake haɗa duk abin da ka ji labari.

Taurarin da muke magana a kansu su ne masu nauyi daga kwatankwacin rana zuwa ninki takwas nata. Idan irinsu ya ƙone haidirojin ɗin tsakiyarsa, ya ƙone hiliyam ɗin da ya biyo baya, sai ya rage da dunƙulen kabon da oksijin wanda girmansa bai fi na duniyarmu da yawa ba. Wuta ta ci gaba da ci a ɓawo biyu da ke kewaye da dunƙulen, sauran jikin kuma ya kumbura har faɗinsa ya ninka na rana sau ɗaruruwa. Da ya kumbura sai fatarsa ta huce. Fatar rana tana kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyos, tasa kuwa tsakanin 2,000 da 3,000. Masana suna kiran wannan mataki AGB. Digiri 2,500 zafi ne mai narkar da ƙarfe, amma akwai molekul da yawa da ke iya jure shi, kuma nan ne amsarka ta fara.

Irin wannan tauraro ba ya zama lafiya. Kumbura yake yi yana motsewa, haskensa na ƙaruwa yana raguwa. Wanda aka fi sani shi ne Mira, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596, kuma yakan ɗauki kimanin kwana 332 daga haske zuwa haske. Idan yana kan ganiyarsa ana ganinsa da ido, ko da yake a Legas, da hazo da fitilu, sai ka je gida hutu za ka more kallonsa. Kowace kumbura tana wurga iska sama. Tun da jikin ya yi faɗi sosai, ƙarfin jan da ke fatarsa ya yi rauni, iskar kan yi nisa kafin ta faɗo. A can ta ƙara hucewa har ƙura ta fara daskarewa a cikinta. Hasken tauraron ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iskar, duk suka yi waje ba dawowa.

Bari in ba ka tauraro guda mu riƙe, don kusan rabin labarin nan a kansa aka rubuta shi. Sunansa IRC+10216, wasu su ce CW Leonis, yana cikin burujin Zaki, nisansa tsakanin shekarun haske 300 zuwa 400. Eric Becklin da abokan aikinsa a Kalifoniya ne suka bayyana shi a 1969. Da ido ba ka ganinsa, don ya lulluɓe kansa da ƙurar da ya fitar, amma a hasken infirared, hasken zafi da ido ba ya gani, yana cikin mafi haske a sama. Iskarsa tana gudun kilomita 14.5 a daƙiƙa, wato daga Legas zuwa Kano cikin minti ɗaya da 'yan kai. Abin da yake zubarwa a shekara ya kai nauyin duniyarmu sau shida ko bakwai. A cikin wannan iska an tantance molekul iri-iri sama da 80.

Yanzu ga ƙashin bayan maganar. Kusan duk iskar haidirojin ce da hiliyam. Bayansu, mafi yawa su ne oksijin da kabon, kuma su biyun in suka haɗu sai su yi kabon monoksaid, CO, hayaƙin nan na janareto da kan hallaka iyali a ɗaki cikin dare. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da oksijin a cikin CO shi ne mafi ƙarfi da aka sani tsakanin atam biyu, sama da kilojul 1,070 a kowane mol. Saboda haka tun iskar tana da zafin da sauran molekul ba su iya tsayawa, CO ya riga ya haɗu. Kowane kabon ya kama oksijin guda, aka yi ta kamawa har ɗayan biyun ya ƙare. Wanda ya yi saura shi ke da sauran fagen.

A rana, a kan kowane oksijin 100 akwai kabon kimanin 55. Tauraron da ya shiga tsufa da irin wannan rabo, kabonsa duk ya tafi cikin CO, oksijin ya yi saura. Sai ka sami ruwa, da SiO, da SO da SO2, da oksaid na titaniyam da na alminiyam. Ƙurarsa kuma dangin yashi ce da dutse, silikat da alumina. Amma a cikin tauraron wani abu na faruwa. Ɓawon hiliyam ba ya ci a hankali, tashi yake yi farat ɗaya bayan dubban shekaru, ya haɗa hiliyam uku-uku su zama kabon. Bayan kowace tashi jikin tauraron yakan gauraye daga ƙasa, sabon kabon ya taso fata. Hujjar wannan gaurayawa ta zo a 1952, lokacin da Paul Merrill ya ga alamar teknetiyam a hasken wasu jajayen taurari. Teknetiyam ba ya daɗewa, mafi tsawon rai a cikin irinsa rabinsa kan lalace cikin shekara miliyan huɗu da ɗoriya, taurarin kuwa sun girmi haka nesa ba kusa ba. Ashe a ciki aka ƙera shi, aka taso da shi.

Ana nan ana tasowa da kabon, wata rana yawansa ya wuce na oksijin. Daga ranar komai ya juye. Oksijin ne yanzu ya ƙare a cikin CO, kabon ya yi saura, tauraron ya zama abin da ake kira tauraron kabon. Angelo Secchi, masanin taurari ɗan Italiya, ya ware irinsu tun a shekarun 1860 saboda bambancin haskensu. IRC+10216 irinsu ne. A iskarsa, bayan haidirojin da CO, manyan su ne asitilin, C2H2, da haidirojin sayanaid, HCN. Ƙurarsa kuma baƙin kabon ce irin ta kunkunniya, da silikon kabaid.

Asitilin ita ce iskar waldar da ka tambaya. Ka tsaya wurin mai gyaran jikin mota a Agege ka kalli tukunyarsa: ya zuba duwatsun kabaid, ya sa ruwa, abin ya hau tafasa, iska ta bi tiyo zuwa bakin wuta. Molekul ɗin da ke bin tiyon, kabon biyu a tsakiya da haidirojin ɗaya a kowane gefe, shi ne dai wanda ke fita daga tauraron, ba bambanci ko na gashi. Warin nan mai hawa kai da ke tashi daga tukunyar ma ba na asitilin ba ne, na dattin da ke cikin kabaid ne, ciki har da fosfin, PH3. Shi ma fosfin ɗin an same shi a IRC+10216.

To amma sanin wanda ya yi saura bai isa ba, sai ka san inda iskar ta kai a tafiyarta. Kusa da fatar tauraro akwai zafi, akwai cunkoso, molekul suna karo da juna ba ƙaƙƙautawa. Ka ɗauki Oshodi da yamma: ba ka taku uku ba ka gogi kafaɗar wani ba, duk wanda zai haɗu da wani zai haɗu, duk wanda zai rabu zai rabu. A irin wannan hali lissafin daidaiton sinadarai da kuke yi a aji yana aiki. Ka ba ni zafi da matsin iska da yawan kowane sinadari, in gaya maka abin da zai fito. Da iskar ta yi gaba sai jama'a ta watse. Karo ya ragu, zafi ya sauka, haɗuwar sinadaran da ke bukatar zafi kafin ta tashi ta tsaya cik. Abin da aka haɗa a ciki ya fito yadda yake, ya yi tafiyar ɗaruruwan shekaru ba abin da ya taɓa shi. Waɗannan su ake kira iyayen molekul.

Gishiri a cikinsu yake. A 1987 José Cernicharo da Michel Guélin, da na'urar hangen sama ta rediyo ta IRAM mai faɗin mita 30 da ke kan dutsen Pico Veleta a Sifen, suka ba da rahoton NaCl da KCl da AlCl a IRC+10216, da alamar AlF. A nan ka yi hattara, don kai ɗalibin sinadarai ne. An koya maka cewa gishiri ba molekul ba ne, jeri ne na ayon masu riƙe da juna ta kowane gefe. Haka yake a kwanon miya. A can kuwa tururi ne: sodiyam guda da kulorin guda, su biyu kaɗai, suna juyi a fili. Yawansu kuma bai taka kara ya karya ba, 'yan ƙalilan ne a cikin kowane biliyan na haidirojin, alhali CO ya kusan ɗaya cikin dubu. Abin da ya sa aka gan su duk da ƙarancinsu shi ne rabuwar cajin lantarki a jikin NaCl tana da girma ƙwarai, kusan 9 a ma'aunin da ake kira dibai, ta CO kuwa 0.1 da ɗan kai. Molekul mai irin wannan rabuwa muryarsa a rediyo tana da ƙarfi.

Wannan ya kawo mu rabi na biyu na tambayarka. Molekul a cikin iska juyi yake yi, kuma ba ya juyi da kowane irin sauri, matakai gare shi ƙayyadaddu. Idan ya sauko daga mataki zuwa na ƙasa sai ya saki haske a mita guda tak, wadda nauyin atam ɗinsa da tsawon ɗaurinsa suka ƙayyade. Matakin farko na CO yana fita a gigahaz 115.27, wato tsawon zango na milimita 2.6. Wayarka tana aiki a 'yan gigahaz kaɗan, wannan ya ninka ta sau gommai. Ba molekul biyu da jerin mitocinsu ya zo ɗaya. Sai a auna jerin a ɗakin gwaji a nan ƙasa, a juya na'ura sama, a gwada. Kowace mita tana fitowa a na'ura kamar layi, kuma idan layi biyar ko goma suka faɗa daidai inda aka auna, da ƙarfin da ya dace, magana ta ƙare.

Wani lokaci sama ce ke riga ɗakin gwaji. A 1986 an ga wasu layuka a IRC+10216 da ba a san mai su ba, sai a 1993 aka haɗa MgNC a wani ɗakin gwaji a Japan aka ga ashe nasa ne. Haka aka yi da C6H mai cajin korau: layukansa sun yi shekara goma a rubuce ba suna, sai a 2006 Michael McCarthy da abokansa a Harvard suka haɗa shi suka auna. Shi ne molekul mai cajin korau na farko da aka tabbatar a sararin samaniya. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa daga inda muke, don tururin ruwa yana shanye wannan haske, Legas kuwa ka san laimarta. Shi ya sa aka kai ALMA, na'urar hangen sama ta rediyo mai faranti 66, hamadar Atakama a ƙasar Cile, a tudu mai tsayin mita 5,000.

Ruwan da ka ambata shi ne ya fi ba ni sha'awa, don shi ne ya karya dokar da na gama shimfiɗa maka. Ruwa a tauraro mai rarar oksijin ba labari ba ne. Amma a 2001 tauraron ɗan'adam mai suna SWAS ya ga tururin ruwa a IRC+10216, inda bisa lissafi duk oksijin yana ɗaure a cikin CO. Bayanin farko da aka kawo mai daɗin ji ne: wai tauraron da ya kumbura yana narkar da biliyoyin taurari masu wutsiya da ke zagaye shi, ƙanƙararsu ce ta zama tururi. Jaridu sun so wannan bayani, don yana nuna wata duniya da ke ƙonewa. A 2010 na'urar Herschel, wadda ita ma aka harba sararin samaniya, ta duba da kyau. Leen Decin ta jami'ar Leuven a Beljiyam da abokan aikinta suka sami layukan ruwa da dama, wasunsu ba sa fitowa sai daga iska mai zafin ɗaruruwan digiri. Wato ruwan yana can ciki kusa da tauraron, inda ƙanƙara ba ta da wurin zama. Daga baya aka same shi a wasu taurarin kabon da yawa, abin da ya nuna ɗabi'arsu ce, ba hatsarin tauraro ɗaya ba.

Bayani biyu suka rage a fage. Na farko, iskar ba shimfiɗe take sumul ba, curi-curi take, akwai ramuka a tsakani. Hasken altirabayolet na sauran taurari, haske mai ƙarfin fasa molekul wanda ido ba ya gani, yana kutsawa ta ramukan har ciki, ya fasa SiO da wani kaso na CO, oksijin ya kuɓuta ya sami haidirojin. Na biyu, kowace kumburar tauraron tana aika girgiza mai ƙarfi cikin iskar da ke kusa, zafi ya yi tsalle na ɗan lokaci, CO ya fashe, kafin ya sake haɗuwa wani oksijin ya zame. Wannan na biyun yana kuma bayyana kishiyar lamarin, wato HCN da ake gani a taurari masu rarar oksijin inda bai kamata a sami kabon a sake ba. A ganina ba dole ne ɗaya ya kori ɗaya ba. Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne lissafin daidaito yana gaya maka inda haɗuwar sinadarai za ta ƙare in an ba ta lokaci, iskar tauraro kuwa ba kullum take ba da lokacin ba.

Can waje labarin ya sake. Ƙurar da ke kare molekul daga hasken waje ta yi shara-shara, altirabayolet ya shigo sosai. HCN ya rasa haidirojin ya zama CN, asitilin ya zama C2H. Waɗannan gutsattsarin ba sa bukatar zafi kafin su kama wani abu, don haka ko da sanyi ya kai digiri 200 da wani abu ƙasa da sifiri suna aiki. C2H ya faɗa wa asitilin, sarƙa ta ƙaru da kabon biyu. CN ya faɗa wa asitilin, aka sami HC3N. Haka ake ta ƙari: C4H, C6H, C8H, HC5N, HC7N, HC9N. Idan aka ɗauki hoton tauraron a mitar ɗayansu ba ka ganin komai a tsakiya, zobe kake gani kewaye da shi, daidai inda hasken waje ya fara cin ƙarfin ƙura. A tauraro mai rarar oksijin kuwa ruwa ne ke fashewa ya zama OH, shi kuma ya riƙa fitar da rediyo mai ƙarfi a megahaz 1612, abin da aka fara gani a irin waɗannan taurari a 1968. CO ne ke jurewa har ƙarshe, don yawansa ya sa na waje suna shanye hasken da zai fasa na ciki.

Waɗannan sarƙoƙi su ne suka kai Harry Kroto na jami'ar Sussex a Ingila zuwa jami'ar Rice a Amurka a 1985. So yake ya ga ko sarƙar kabon za ta haɗu a yanayi irin na tauraron kabon. Shi da Robert Curl da Richard Smalley da ɗalibansu suka harbi girafait da leza, sai ga wani abu mai kabon 60 cif ya fi kowa yawa. C60 ke nan, mai siffar ƙwallon ƙafa, wanda ya ba Kroto da Curl da Smalley kyautar Nobel a 1996. Shekara 25 bayan gwajin, a 2010, Jan Cami da abokansa suka gan shi da na'urar hangen sama ta Spitzer a hazon Tc 1, ragowar tauraron da ya riga ya wuce matakin AGB.

Akwai inda nake so ka ja birki. Za ka ji ana cewa an gano tubalan rai a jikin taurari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma mafi yawan molekul ɗin da na lissafa maka ba sa kai labari. Bayan dubban shekaru altirabayolet ya farfasa su, sun koma atam. Abin da ke tsira shi ne atam ɗin kansu, kabon da naitirojin da tauraron ya ƙera, da kuma ƙura, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin iskar ba. Ita ƙurar har hannunmu ta zo. A 1969 wani dutse ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya. A 1987 aka fara ware ƙwayoyin silikon kabaid daga irin waɗannan duwatsu, sinadarin nan da ake yin dutsen wasa wuƙa da sanfefa da shi, aka tarar rabon nau'o'in kabon da silikon da ke cikinsu bai yi kama da na komai a tsarin rana ba, ya dai dace da na taurarin kabon. Binciken da aka buga a 2020 a kan ƙwayoyin Murchison ya nuna wasunsu sun girmi rana, wadda ita kanta ta kai shekara biliyan 4.6.

Ranarmu ma hanyar da za ta bi ke nan nan da shekara biliyan biyar da wani abu, kuma za ta zubar da kusan rabin nauyinta. Bisa lissafin da ake da shi nauyinta bai kai ta taso da kabon da zai rinjayi oksijin ba, don haka iskarta ta ruwa da SiO za ta kasance, ƙurarta ta yashi.

In kana so ka taɓa abin da hannunka, ga aikin da za ka iya yi yau da biro da takarda. Mitar matakin farko na molekul mai atam biyu ninki biyu ce ta abin da littafinku ke kira B. Ka raba 115.27 biyu ka sami B na CO, ka sa shi a dabarar da ke haɗa B da nauyin atam biyun da tazarar da ke tsakaninsu, da kabon 12 da oksijin 16. Tsawon ɗaurin zai fito maka kusan nanomita 0.113. Sa'an nan ka canza kabon 12 zuwa kabon 13, ka bar tsawon yadda yake, ka juya lissafin baya. Za ka sami mita kusa da gigahaz 110.2, kuma a nan ne masu na'ura ke neman wannan nau'in na CO idan suna son sanin yawan kabon 13 da tauraro ya ƙera.